Goggo da Gwangwanayen Uwar Ɗaki

Shekara talatin Goggo ta yi tana girki a kicin ɗin wata makaranta, kuma dokarta ɗaya ce: abin da harshenta bai ɗanɗana ba, ba ya fita ƙofa. Ita ta yi ritaya, dokar ba ta yi ba.

Da haƙoran kyanwarta, wadda take kira Uwar Ɗaki, suka fara zubewa, likitan dabbobi ya ce a koma ba ta abincin gwangwani mai laushi. Goggo ta kwaso kala uku daga kanti, ta jera a tebur, ta ɗauko cokalinta.

Haka mijinta ya tarar da ita, ta lumshe ido tana tauna.

Ya ce, "Yau kuma abincin kyanwa ake ci a gidan nan?"

"Malam, matsa, ka tare mini haske. Mai tsadan nan ruwa ne da gari, kwalliyar gwangwani kawai. Mai arhan kuwa gishiri ya kashe shi. Amma na tsakiyan, kifi ne na gaske, ga tsoka nan."

Ta juye shi a kwano. Uwar Ɗaki ta lashe kwanon tas, ta zo tana goga kai a ƙafarta. Goggo ta yi ta dariya har da 'yar rawa, cokali a hannu.

"Ka ga mai godiya? Kai shekara arba'in kana cin girkina, ka taɓa lashe kwano?"