Daga Garwa Zuwa Kusseri a Bayan Babur

Mijina mai gyaran keken ɗinki ne. A Garwa, duk telan da kekensa ya fara tsallake zare ko karya allura, wurinsa yake aikowa. Kowace shekara kuma, idan manoma sun sayar da auduga aiki ya yi wa teloli yawa, sai ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan wani tsohon babur ya bi garuruwan arewa yana gyara. In ya dawo, ba labarin keke yake ba ni ba, sai na abinci: gyaɗar Gidar, kilishin Maruwa, kifin Kusseri. Ni kuwa tun ina amarya nake toya ƙosai a ƙofar gida, ban taɓa wuce Pitowa da ke nan kusa da mu ba.

Shekarar da nake magana, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Ngaundere ba, hoton shugaban ƙasa, ɗan garinmu, yana rataye a kowane shago. Wata safiya yana shafa wa babur mai a tsakar gida, na ce, "Malam, bana da ni za a tafi."

Ya ɗago kai. "Kin san nisan Kusseri kuwa?"

"Kai da ka sani, ai kullum kana dawowa da ranka."

"Ba mu da kuɗin masauki. Ni a zauren teloli nake kwana."

"Telolin ba su da mata a cikin gida?"

Kwana uku muna wannan magana. A ƙarshe Inna, mahaifiyarsa, ita ta raba gardamar. Ta ce ba ta taɓa ganin matar aure a bayan babur kamar buhun gero ba, amma tun da na nace, in bar mata yaranmu biyu in je in gano wa idona. Na ɗaure zanena biyu, da tabarma, da ƙaramin kaskon suya, wanda Malam ya ce nauyin banza ne. Muka yanke cewa duk garin da muka shiga, abin da mutanensa suke ci shi za mu ci, ladan gyaran keke kuma ya sayi man babur.

Ranar Lahadi muka tashi, ranar kasuwar Pitowa. A can na sha kindirmo da dakere, wato garin gero da aka turara aka cuccura, wurin wata Bafulatana da ta yi ta kallon ƙafafuna da suka kumbura tana dariya. Ban saba da zaman babur ba. Kafin mu kai Gidar bayana ya riƙe, amma ban faɗa wa Malam ba, don na san abin da zai ce.

A Gidar muka sauka gidan wani tsohon tela. Matarsa ta yi mana miyar yakuwa, wadda a nan muke kira folere, amma ba kamar tamu ba. Ta soya gyaɗa har ta kusa ƙuna kafin ta niƙa ta zuba, sai tsamin ya kwanta, ƙamshin ya tashi. Na zauna kusa da murhu ina kallon hannunta har ta ce, "Ke baƙuwa ce ko mai leƙen asiri?" Na ce duka biyu.

Tsakanin Gidar da Maruwa jandarma suka tsare mu. A lokacin ba a wuce shinge sai da takarda. Ɗayansu ya juya takardunmu, ya yi tambaya da Faransanci, Malam ya amsa da ɗan abin da ya iya. Sai ya dube ni ya koma Fillanci: me ya fito da ni? Na ce masa na zo cin abinci ne. Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, sannan ya gaya mana rumfar da ta fi kowace kilishi a kasuwar Maruwa, ya ɗage mana shinge.

Gaskiyarsa kuwa. Kilishin nan siriri ne har kana ganin hasken rana ta cikinsa, yajinsa ba ya gaggawa, sai ka haɗiye yake tasowa. Kwana huɗu muka yi a Maruwa, don kekuna sun yi yawa. Na ci tuwon masakwa, dawar rani da suke shukawa a laka, da miyar tafasa. Na zaga wurin dukawa ina kallon yadda suke rina fata, ban sayi komai ba.

Daga nan Malam ya ce mu ratsa Mokolo, akwai mai keke da ke jiransa. Hanyar hawa ce, duwatsu dama da hagu, an yanka su hawa-hawa an yi gonaki. Muna cikin wani hawa mai tsawo sai na ji ƙas! Babur ya yi kuka, bai matsa ba. Sarƙa ta tsinke, haƙoran da take hawa kuma sun cinye. Malam ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Mutumin da ke gyara keken kowa, ga shi nan abin hawansa ya gagare shi.

Muka tura. Shi a gaba, ni a baya, rana a tsaka. Da muka tsaya shan iska ya ce, "In mun isa Mokolo zan sa ki a mota ki koma gida. Abin da ya rage a hannuna ba zai sayi sarƙa ya ciyar da mu biyu ba."

Na ce, "Ban fito don in koma daga rabin hanya ba."

"Ke fa mace ce mai yara."

"Yaran suna wurin kakarsu, sun fi mu ƙoshi. Tura, Malam."

Wani manomi da ke saukowa daga dutse da fartanya a kafaɗa ya gan mu. Kirista ne, da ƙaramin gicciyen katako a wuya, yana jin Hausar kasuwa. Bai tambaye mu komai ba, ya sa hannu a babur, har gidansa da ke gefen hanya, dab da Mokolo. Matarsa ta ba mu ruwa. Can sai ga shi da kaza a hannu ɗaya, wuƙa a ɗaya. Ya miƙa wa Malam ya ce, "Kai za ka yanka, don ku ci da kwanciyar rai." Malam ya karɓa ya yanka, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Tuwon jar dawa ta yi mana, mai tauri, da miyar ganyen wake da gyaɗa, kazar a kai. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin yarensu, amma ta nuna mini ruwan toka da take tacewa a maimakon kanwa, ta lasa mini a yatsa. Na ci har na ji kunya.

Washegari ranar kasuwar Mokolo ce. Na roƙi matar ta auna mini wake da man gyaɗa a kan in biya da yamma. Mu biyu muka surfa, muka niƙa a dutse tun da asuba. Na kafa kaskona a bakin kasuwa, kusa da masu sayar da dankali. Mutanen dutse suna da nasu ƙosan, amma ba su saba da mai albasa da attarugu da aka buga har ya tashi ba. Kafin azahar ƙullun ya ƙare. Kwana uku na yi ina suya, Malam yana bin teloli da ƙafa da akwatinsa a ka. Rana ta huɗu wani direban babbar mota ya kawo mana sarƙa da haƙoranta daga Maruwa, muka biya da kuɗin ƙosai da ladan gyara. Malam ya ɗaura, ya buga babur ya tashi. Da zai ɗaure kaya, kaskon nan ya fara ɗauka, ya naɗe shi da kyau a cikin tabarma.

Daga Mora zuwa gaba ƙasa ta miƙe shimfiɗe, ba dutse ba tudu. Wajen Waza muka ga raƙuman dawa uku suna tsallaka hanya a hankali, kamar hanyar ta gidansu ce. Na ce Malam ya tsaya. Ya kashe babur, muka tsaya muna kallo har suka shige cikin ƙaya.

Kusseri ta yi mini baƙunta fiye da ko'ina. Larabcin Shuwa da Barbarci suka cika kasuwa, ga kogi, ga babban birnin Chadi a ƙetare ana hangensa. A bakin ruwa wata mata tana yin kisar, wata irin waina mai faɗi, siririya kamar mayafi, mai ɗan tsami. Ta zuba mana miyar busasshiyar kuɓewa da kifin da aka fito da shi daga kwalekwale a gaban idonmu. Muka zauna a kan tabarmarmu muka ci da hannu daga kwano ɗaya, abin da ba mu taɓa yi a gida ba, don a Garwa shi a zaure yake ci, ni a ɗaki.

Na nuna wa matar ina so in gwada. Ta matsa ta ba ni wuri. Na zuba ƙullu a kan faifan ƙarfe na shafa, ya yage. Na sake, ya ƙone. Mata suka taru suna dariya suna magana da yaren da ba na ji. Malam ya ce rana tana yi, akwai tela da ke jiransa. Na ce ya je, zai same ni a nan. Na biyar ya ɗagu lafiya ƙalau, matar ta ɗaga shi sama ta nuna wa sauran, sannan ta ninke ta sa a kwanon wani masunci da ya zo saye, ta miƙo mini ludayin ta ce in ci gaba.