Jan da Ke Cikin Saiwar Gyaɗa

Har yau idan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da warin kananzir, gonar Baffa Sale ce ke faɗo mini a rai, can bayan Roni. Watan Agusta ne, shekarata ta farko a aiki, lokacin muna ƙarƙashin Kano. Ni ce ƙaramar malamar gona. Aikina in bi shugabanmu, Malam Garba, in rubuta abin da ya faɗa.

Daminar da ta gabata cuta ta cinye gyaɗa, saboda haka umarnin ofis shi ne duk gonar da ta kamu a tuge a ƙone. Baffa da kansa ya kai ƙarar gonarsa: ya tuge tushe ɗaya ya ga saiwar duk ƙuraje. Irin kuwa na gado ne, ba shi da sauran ko tiya ɗaya. Malam Garba ya duba daga tsaye, ya ce tsutsar saiwa ce, a sauko da galan ɗin kananzir daga mota.

Ni dai ganyen nake kallo, kore shar, yana rausaya kamar bai san ana shari'arsa ba. Sai na tuna abin da aka nuna mana a makaranta. Na durƙusa na murza ƙurji ɗaya, ya ɓalle. Kumburin tsutsa ba ya ɓallewa. Na fasa shi da farce. Cikinsa ja, kamar lalle ya kama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba cuta ba ce. Ƙananan halittu ne a ciki, suna jawo taki daga iska suna ba gyaɗar."

Malam Garba ya ce, "Taki daga iska? Ke da tatsuniyoyinki."

Amma ya tattare riga ya tsuguna. Ya fasa uku, sannan ya ce a mayar da galan mota. Ya kuma ce in rubuta rahoton da sunana.

Baffa ya ce, "'Yata, ashe shi ya sa gero ke kyau inda gyaɗa ta kwana. Mun san aikin, ba mu san mai yi ba."

Ranar na koyi cewa aikin gona ba a yanke masa hukunci daga tsaye.

Sai bayan shekaru, a wani kwas, na ji cewa mai jawo takin wani sinadari ne a cikin halittun nan, wanda iskar shaƙarmu ke kashewa, jan nan kuma ɗan'uwan jan jininmu ne, shi ke tare masa ita. Ashe duk ƙurjin da na fasa, na kashe ma'aikatan cikinsa, don gonar Baffa ta rayu.