Shafin da Na So Ɓoye wa Kaka

Rabah, shida saura kwata

Mun bar gida bayan sallar asuba, ni da Kaka. Makarantarmu ce ta zaɓe ni in yi jawabi a gasar ɗalibai a Goronyo, kan sarakunan Rum na zamanin da. Kaka ya ce shi zai raka ni, ko da yake shekara uku ke nan da idanunsa suka rufe. Ina riƙe da kan sandarsa, yana riƙe da ƙullin ƙosai.

Shafi na uku ne ke damuna. A nan na rubuta al'adarsu: in an tuɓe sarki sai a makantar da shi, domin a wurinsu makaho ba ya sarauta. Yaya zan faɗi wannan Kaka na zaune? Na ƙudura zan tsallake shi, ko da zan rasa maki.

Wurno, takwas da rabi

Nan muka sauya mota. Muna jiran ta cika, Kaka ya ce in karanta masa jawabin. Da na zo shafi na uku, sai na juya takarda biyu tare.

"Mi kit tsallake?"

"Ba komi, Kaka."

"Takarda guda ba ta wagga ƙara. Ido na rasa, jikalle, ba kunne ba."

Na koma na karanta shafin. Mai furar da ke gefenmu ta tsaya da damu, ludayi a hannu. Direba ya ce, "Kai! Waɗanga ba su da imani."

Kaka ya murza kan sandarsa. "Duk haka sunka ƙare?"

"A'a. Akwai wanda wansa ya makantar. Bayan shekara takwas aka fito da shi, aka mai da shi kan gado."

"Ya daɗe bisa?"

"'Yan watanni."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "To ai ya hau! In kin tsallake wannan bawan Allah, ni da ke."

Goronyo, goma da kwata

Shingen 'yan sanda biyu muka wuce, da gonakin albasa kore shar. Ɗakin taron ya cika, aka zaunar da Kaka can baya kusa da ƙofa. Na yi ta jawabi har na kai shafi na uku. Na ɗaga kai, na hango ya karkato da kunnensa na dama wajena. Na karanta shi duka. Na zo ta uku, aka ba ni littattafan rubutu shida.

Gida, bayan la'asar

Inna ta tare mu a zaure. "Ta iya buɗe baki kuwa?"

Kaka ya ce, "Can ƙarshen ɗaki nike, ban rasa kalma guda ba."

Na shige ɗaki da gudu don kunya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa direban da ya ba Kaka kujerar gaba.