Ragon da Direbobin Gombe Suka Ƙi Ci

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Sani, Allah ya jiƙansa. Ɗan maƙwabcina a unguwar Arawa ne ya tuno min da shi. An haɗe bankin da yake aiki da wani, ya wayi gari da saƙon sallama a waya. Na ce da Yaya yana nan da ya ja tsaki, don shi ma ya taɓa haɗe kamfani biyu, ya kuma ji jiki.

Lokacin da kuɗin mai suka fara yawo, mahaifinmu a Kano ya sayi motocin Alhaji Buba, wani dattijon Bafulatani mai jigilar auduga a Gombe. Ya turo mu, Yaya ne shugaba, mu haɗe su da namu. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: in direbobin Alhaji suka watse kafin kakar auduga, ya tattara ya koma tsaron shago a Kano.

Yaya akwai gaggawa. Ya goge sunan Alhaji a jikin motoci, ya yanka rago a garejinmu na bayan kasuwa, ya zaunar da kowa a tabarma guda har da Alhaji, wai an zama ɗaya. Direbobin Kano suka naɗe hannun riga suka far wa nama. Na Gombe kuwa ko hannu ba su sa ba, kansu a ƙasa har aka tashi.

Ran Yaya ya ɓaci ƙwarai. Ya ce raini ne, ya wanke su tas a gaban jama'a. Sai aka fara ajiye makulli ɗaya bayan ɗaya, wannan shanunsa ba lafiya, wancan za shi ƙauye. Ga auduga ta fara fashewa a gonaki.

Yaya ya tafi gidan Alhaji a fusace, yana zargin shi ke zuga su. Dattijon ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Sani, rabin yaran nan 'ya'yana suke aure, sauran ni na riƙe su. A ina ka ga mutum ya ci abinci gaban surukinsa? Ka ba su kunya, ka dawo ka zage su."

Washegari Yaya ya sa aka mayar da sunan Alhaji kusa da namu. Ya ajiye masa kujera a gindin dogonyaro, ba shi da aiki sai a gaishe shi, mai ƙorafi ya bi ta wurinsa. Abinci kuma aka raba wuri biyu. Yawancinsu sun dawo, aka kwashe auduga, Baba ya bar shi a Gombe. Hammadu, wanda ya fi kowa iya tuƙi, bai dawo ba, kuma wannan ya ci Yaya a rai har ya bar duniya.

Masu haɗe kamfanoni na yau ban san ko suna tambayar wa ke jin kunyar wa ba. Motocin dai sun ruɓe, garejin ya zama shaguna. Amma Yaya ya aurar da 'ya'yansa mata a gidajen direbobin nan. Da ya rasu, ran sadakar uku direbobin suka cika ƙofar gida, su da 'ya'yansu. Aka kawo abinci, suna ganin na zauna inda Yaya yake zama, sai suka janye hannu. Na tashi na ba su wuri, na shiga zaure na yi ta kuka.