Kazar Maɗori da Hannun Makaɗi

Maigidana makaɗin noma ne. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ban kira shi da shi yana raye ba, balle yanzu da ƙasa ta rufe shi. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. In kun ji muryata ta sarƙe ku yi mini haƙuri, har yau ban iya zancensa da busasshen ido ba.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba. Manyan makaɗa ana jin su a rediyo, ana zuwa da mota a ɗauke su. Namu ko sau ɗaya ba a sa su a rediyo ba, su ma ba su nema ba. Amma daga Maiyama zuwa Kuberi, zuwa Karaye, har ƙauyukan bayan Aliero, manomi bai jin gayyarsa ta cika in ba su zo ba. Shi ke riƙe da babbar ganga. Akwai mai kazagi, ƙaramar gangar da ke bin ta a baya, akwai 'yan amshi, sai ƙanensa, sanƙira, mai ɗaga murya yana yi wa mutane kirari. Da damina suna gona-gona. Da kaka su dawo da jakuna sun yi nauyi da damman gero, wani lokaci har da akuya tana kuka a baya. Da rani kuma kokawa da biki. Ni dai tun da na shiga gidan ban san awon hatsi a kasuwa ba.

Gangar noma hannu biyu gare ta. Dama ke riƙe makaɗi, wato sandar kiɗa, tana duka, amma hagu ke magana. Yatsun hagu su danne fata, su sake ta, su shafe ta, sai ganga ta kira mutum da takensa, ya ji ta tun daga wancan bakin gona ya san da shi ake. To, wannan hannun ne ya karye.

Ƙarshen rani ne, sun taso daga kokawa a Jega, suka hau saman motar albasa. Mota ta faɗa rami, ganga ta zame daga kan buhuna, shi kuwa ya bi ta. Ya rungume ta da dama, ya tari ƙasa da hagu. Ganga ko ƙwarzane ba ta yi ba. Da ƙanensa ya zo mini da labari a guje, abin da ya fara cewa ke nan.

"Amarya, kwantar da hankalinki, ganga lahiya lau take!"

"Ganga na aura? Ina mai gangar?"

"Shina Aliero, wurin maɗori."

Ko mayafi ban ɗaura daidai ba na bi shi. Kowa ya san Aliero da ɗori kamar yadda ya san ta da albasa. Muka tarar da shi zaune a zauren wani tsoho, gumi na tsiyaya, hannu ya kumbura kamar tulu. Tsohon ya yi bisimilla, ya sa ƙarti suka danne shi, ya ja hannun. Ƙarar da maigidana ya yi har gobe tana kunnena. Aka shafa man shanu, aka jera kara, aka ɗaure. Sai tsohon ya sa aka kamo wata baƙar kaza, ya karya mata ƙafa a gabanmu, ya ɗaure ta da 'yan tsinkaye, ya miƙo mini.

"Ɗiyata, ga amana. Ki tahi da ita. Yadda ƙahwarta ta ɗoru, haka hannu nai za ya ɗoru. Shi kuma kar ya taɓa ganga sai na kwance da kaina."

Tun daga ranar kaza ta zama sarauniyar gidanmu. A ɗakina take kwana, cikin kwando, bisa tsumma. Tsaki nake ba ta a tafin hannu. In ta fito shan hantsi ina tsaye a kanta da sanda, idona sama saboda shaho. Mutanen maigida kuma ba wurin zuwa, kullum suna zaure suna jiran tuwo, ganga na rataye ba mai taɓa ta. Ƙanen nan nasa, makwaɗaicin duniya, ya sa wa kazar ido.

"Amarya, wagga kaza wahala ta yi mata yawa. Mu taimake ta da ɗan yaji da manda, ta huta."

"Taɓa ta ka gani. Kai za a karya a ɗaure, in sa ka cikin kwando."

"In ke za ki riƙa ba ni tsaki a hannu, wallahi na yarda!"

Maigida yana gefe yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Nakan gan shi yana kallon yatsunsa da suka leƙo daga cikin kara, yana ƙoƙarin motsa su. In ya ga ina kallo sai ya ce ƙuda yake kora.

Ranar da na kwance wa kaza tsinkaye, duk gidan aka taru kamar za a ga wata. Na sauke ta ƙasa. Ta tsaya, ta karkaɗe fiffike, ta taka. Ta sake takawa. Tana tafiya, amma da ɗingishi, ƙafa guda na zuwa a makare. Kowa ya juya ya dubi hannun maigida. Na ɗauke ta na shige ɗaki na yi kukana. Kazar nan ta daɗe a gidanmu da ɗingishinta, ta yi 'ya'ya da jikoki, ba wanda ya iya sa mata wuƙa.

Bayan an yi shuka muka koma Aliero, tsohon ya kwance kara. Ƙashi ya kama, alhamdu lillahi, amma wuyan hannun ya ƙage, yatsu biyu na ƙarshe ba su lanƙwasuwa. Da muka iso gida ya sauko da ganga, ya rataya, ya gwada. Dama ta faɗi a lokacinta, hagu ya zo a makare. Ya sake, haka. Ya maida ita inda take, ya ce wa mai kazagi, "Daga yau taka ce. Ni ba ni kunyata kaina gaban mutane."

Ana nan sai ga manzo daga Karaye. Wani babban manomi ya kira gayyar noman farko, ciyawa ta fi ƙarfin gidansa. Maigida ya ce su tafi, shi zai zauna. Ƙanensa ya ce ko waƙa ce ya zo ya ja musu, bakinsa ai bai karye ba. Da ƙyar ya yarda. Ni ma na bi su, don ina da goggo a garin, kuma ana neman hannun mata wurin damun fura.

Wayyo, gonar nan! Ba ka ganin ƙarshenta. Samari sun jeru da kalme, fartanyar nomansu, kowa ya tuɓe riga, ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi. Mai kazagi ya rataya babbar ganga ya fara. Bai yi laifi ba, Allah ya sani, kiɗa ne mai kyau. Ana noma, amma kamar ana yi wa maƙwabci. Rana ta ɗaga, ko sulusin gona ba a ci ba, mai gona na ta kai da kawo yana duban sama.

Akwai wani gwarzon manomi a garin, baƙi, dogo, wanda in ya duƙa ba ya ɗagowa sai ya ga ƙarshen kunya. Shi ke jan sahu. Sai kawai ya miƙe, ya kafa kalmensa a ƙasa, ya juyo wajen maigida da ke tsaye gindin ƙirya yana waƙa hannu cikin riga.

"Baba makaɗi! Wanga abu ba da ni yake ba. Ganga ba ta kira ni ba tun sahe."

"Hannun ya lalace, ɗana."

"Lalataccen nika so. In ba kai ka kira ni ba, wallahi gida za ni, in ga wanda za ya ƙare wagga gona!"

Samari duk suka miƙe suka tsaya. Ni ina gefe riƙe da ludayi. Na ce a raina, ya Allah kar ka kunyata bawan nan a gaban jama'a. Mai kazagi ya cire ganga da kansa ya rataya masa. Maigida ya tofa bisimilla a tafin hagu, ya ɗaga makaɗi.

Ya buga taken gwarzon. Dama ta faɗi, hagu ya makara kamar yadda muka sani. Na runtse ido. Sai na ji ihu! Na buɗe, ga mutumin nan ya duƙa yana tafiya kamar ana tura shi. Ashe dukan dama na faɗuwa daidai saran kalme, na hagun da ke makara kuma yana faɗuwa daidai lokacin da ake jawo ƙasa a kifar. Da can ganga sara kawai take bi. Yau ta bi sara, ta bi jawowa, mutum bai da wurin da zai tsaya ya ji gajiya. Samari suka ruɗe suka bi shi, ƙasa na tashi, ciyawa na kifewa. Sanƙira ya haukace, yana tsalle tsakanin kunyoyi yana kururuwa: "Gurguwar ganga ta fi mai ƙahwa! Ku bi ta, 'yan maza, ku bi ta!" 'Yan amshi suka cafe maganar nan take ta zama waƙa. Goggona, tsohuwa mai sanda, ta yar da sandar ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ban san lokacin da na saki ludayi cikin ƙwarya ba, ina guɗa ina kuka, fura har gwiwar hannu. Matar makaɗi ba ta guɗa wa mijinta a bainar jama'a, amma ranar kunya ta bar ni.

Kafin la'asar gona ta ƙare ƙaƙaf, har suka faɗa ta wata gwauruwa da ke maƙwabtaka suka nome mata kyauta, don ba mai son ganga ta tsaya. Tun a bakin gonar mutanen Kuberi suka riƙe masa riga sai ya sa musu rana.

Da muka koma gidan goggo hannun ya kumbura, yana zogi. Na ɗumama man shanu ina shafa masa, yana cije leɓe. Na ce ya huta ko mako guda kafin Kuberi. Ya dube ni ya ce, "Ke dai shafa. Jibi da hantsi muna can."

Suka je kuwa. Shekaru masu yawa ya yi yana kiɗa da hannun nan, makaɗan wasu garuruwa suna zuwa su tsaya bakin gona suna kallon yatsunsa, su koma su gwada makarar da gangan, ba ta zauna musu ba. Ranar da zai cika, a ɗakina, hannun hagun ne a cikin nawa. Yatsun nan biyu da ba su lanƙwasuwa suna ɗan bugun tafina a hankali, a makare, har suka daina. Allah ya gafarta masa, ya haɗa mu a inda ba rabuwa.