Yaya Tabawa da Matattun Cikin Waya

Shekarar da ruwa ya ci gadar rafinmu, damina biyu bayan an sa wa masallaci sola, a ita Yaya Tabawa ta fara harbin matattu. Kun dai san ta: bayan Azahar tana gindin darbejiya, tabarau ɗaure da zare, waya a hannu, tana ta "Kauce, ɗan nan, ga wani bayanka!" Ni Hajo ƙanwarta ban yi boko ba, amma abin da aka yi a gabana ba mai gyara mini shi.

Mafarin abin jikanta ne, Nura. Sun saɓa da ubansa kan noman rani a Watari, ya tattara ya tafi Fatakwal, shekara biyu ko waya ba ya ɗauka. Sai ƙanwarsa ta ce ai kullum yana wani wasa a waya: mutum huɗu, kowa a garinsu, suna magana, suna kare juna daga matattun da suka tashi suna cin mutane.

Yaya ta ce, "Ana jin muryarsa? To sa ni."

Aka sa ta. Sai ga muryar Nura: "Wai Inna ce?"

"A'a, gwamna ne. Maigidan banza, ka gudu ka bar ni ba cefane!"

Matar da ta shekara arba'in tana wankan gawa a garin nan! Da matattun suka taso, ko gezau. Ta ƙura musu ido ta ce, "Allah sarki. Ba wanka, ba likkafani, ba dole su yi yawo ba? Ina danginsu?" Ba ta harbin kowa sai ta ce, "Yi haƙuri, bawan Allah." Kafin ta gama ba da haƙuri an cinye ta.

Ga adana! Harsashi a wurinta kamar hatsin rumbu.

"Inna, harba mana!"

"In na harba yau, gobe fa?"

"Ba gobe a wasan nan!"

"Haka kakanka ya ce shekarar fari."

To a wasan, in mutum ya faɗi sai ɗan'uwansa ya ɗaga shi. Ran nan jirgin ceto ya sauka, sauran abokan wasan biyu suka haye, Nura kuwa yana kwance matattu sun rufe shi. Ya ce, "Inna ki tafi, bar ni!"

Wallahi sai ta juya. Harsashin wata uku ta zazzage, ba haƙuri ba komai, tana faɗa: "A gidanmu ba a barin mutum a ƙasa! Ga ubanka can ƙafa ta kayar da shi, tumatir na ruɓewa a fadama. Shi wa zai ɗaga shi?"

Aka cinye su duka biyun.

Kwana tara, sai ga Nura da jakarsa a ƙofar gida. Yaya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "A waya ka fi ƙiba."

Lokacin kaka, bayan girbi, Yaya ta rasu. Nura da ubansa ne a gaban makara. Abokan nan biyu, da ba su taɓa ganin fuskarta ba, har garin nan suka zo gaisuwa. Ni na yi mata wanka, ina zuba ruwa na ji bakina ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah."

A sa'o'inmu yanzu saura ni da Malam Ado ladan. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinta, Ya ɗaga ta kamar yadda ta ɗaga na ƙasa.