Inna Siminti da Tambayarta Guda

Ƙarfe bakwai bai cika ba za ka ji ƙarar bokiti a ɗakin ƙarshe na sashen ƙashi na asibiti. Inna Siminti ce ta iso. Takan fara da gwada ɗumin ruwa da bayan hannu, ta jera auduga da bandeji, sannan ta kunna zarton cire simintin karaya ta ɗora a tafinta, don yaran da ke layi su ga ihu kawai yake yi, ba ya yanka. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, farar hoda har gira. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba za ta sulale ta tafi shiru ba.

Ba likita ba ce, ita ce ma ta farko da za ta gaya maka haka. Aikinta ɗaurin karaya. Sai dai tana da wata ɗabi'a da ta sa abokan aiki suke tsokanarta da alƙaliya: ba ta taɓa hannu ko ƙafa sai ta tambaya, "Me ya karya shi?" In ka ce faɗuwa, ta ce daga ina. In ka ce daga bishiya, ta ce wane reshe. Mai sharar sashen ta ba ni labarin wani direba da ya ƙosa ya ce, "Inna, ɗauri na zo ko shari'a?" Ta ce, "Duka biyun, ɗan nan. Ƙashi yana karyewa, amma ba ya ƙarya."

Ni wannan tambayar ce ta wanke ni.

Yayata tana da ɗiya, a lokacin shekararta takwas, muna ce mata Tsalle don ba ta san tafiya a hankali ba. Ran nan na je gidansu, tana zaune a tabarma, ta miƙo min hannu ta ce, "Kawu, tashe ni." Na kama na ja. Wallahi kaɗan na ja. Sai ji muka yi ƙas, yarinya ta ƙwalla ƙara, dantse ya saki.

Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Auta, me ka yi mata?" Na ce tashinta kawai na yi. Ta ce, "Tashi ne yake karya ƙashi? Kai dai tun kana ƙarami ba ka san wasa ba!" Mijinta ya ɗauki yarinyar ya nufi mota. A mota ba wanda ya kalle ni. Ga tausayin yarinya, ga kunya, kuma na san daga ranar ba za a ƙara yarda da ni a kan yaran gidan ba.

Asibiti cike maƙil. Wani matashin likita ya ɗaga hoton ƙashin a gurguje, ya ce karaya ce, a kai ta ɗauri. Muna shiga Inna ta jefo tambayarta. Yaya ta ce, "Tambayi kawunta, ga shi nan." Na faɗi yadda aka yi. Sai Inna ta miƙo min hannunta. "Ja ni yadda ka ja ta." Na ja. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta ce, "Wannan ko zaren ɗinki ba zai tsinka ba."

Ta ɗaga hoton a hasken taga, ta daɗe tana kallo, ta fita. Na bi ta har ƙofar likita, na ji da kunnena yadda ta faɗa: "Likita, ƙara duba min wajen kafaɗar nan, idona ya tsufa." Ka ji iya magana! Idon da ya fi na kowa gani. Likita ya duba, ya miƙe, ya kira babbansu.

Ashe kogo ne a cikin ƙashin, kusa da kafaɗa, cike da ruwa. Ya daɗe yana faɗi ba ciwo ba kumburi, har bangon ƙashin ya koma kamar ɓawon ƙwai. Babban likitan ya nuna mana ɗan guntun ƙashi da ya ɓalle ya faɗa can ƙasan kogon, ya ce irin wannan yakan sami yara masu tasowa. Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, ciwon daji ne?" Likita ya ce alamu ba su nuna haka ba, za dai a ƙara gwaji. Da ya fita Inna ta ce, "Wane daji, 'yar nan? In Allah ya so ko lambu bai kai ba." Yaya ta yi dariya da hawaye a fuska. Inna ta ƙara da cewa, "Kuma ki daina hararar ƙaninki. Ko jakar makaranta ta saɓa, wata rana sai ya karye. Shi dai tsautsayi ne ya zaɓe shi."

Gwaji ya fito lafiya. Aka yi ɗauri na sati shida, karaya ta haɗe, amma kogon ya ƙi cikewa. Sau biyu ana sa yarinyar barci, a zuƙe ruwan da allura, a zuba magani. Duk bayan wata uku a koma hoto. Babban aikin shi ne hana Tsalle tsalle, wannan kuwa Inna ce kaɗai ta iya. Ta ce mata, "Ƙashinki gini yake yi, ke ce mai gadi." Yarinya ta riƙe muƙamin da gaske, har ƙannenta take kora. Likitan ya gaya mana da an ɗaure an sallame ta kawai, da ta koma guje-guje ta sake karyewa, hannun ma ya iya gajarcewa. Yau tana shanya a igiya da hannun, ba ka ce ya taɓa karyewa ba.

Inna, ke ce mai tambaya kafin taɓawa. Ke ce kika gyara wa likita karatu ba tare da kin zubar masa da girma ba. Bangon ɗakinki ba takardar yabo ko ɗaya, sai zanen yara da suka manna miki. Na gode, Allah ya sa ki huta lafiya, ya ba ki masu kula da ke yadda kika kula da 'ya'yan mutane. Ku kuma da kuke bayanta, ma'aikatan jinya da masu ɗori na unguwa, in kun ga karayar da ta fi ƙarfin abin da ya jawo ta, ku tsaya ku tambaya, ku tura hoto. Minti biyu ne.

Yaya dai har yau ba ta ba ni haƙuri ba, kun san manya. Amma bara da ta haihu, na je barka na tsaya daga bakin ƙofa, hannuwana a baya. Ɗaki cike da mata, kowa tana miƙa hannu. Ta tsallake su duka, ta ɗora min jaririn kwana uku a ƙirji ta ce, "Auta, riƙe min shi, in je in yi wanka."